Anthony Trollope, Akawun Gidan Waya Mai Littafi 47

A cikin yawon da na ke yi na duba makarantu, da wuya in kwana uku a gari ban gamu da wani malami ko akawu da zai jawo ni gefe ya raɗa mini cewa yana da niyyar wallafa littafi ba. Wani tarihin garinsu ya ke so ya rubuta, wani tatsuniyoyin da ya ji a bakin kakarsa, wani kuwa har suna ya riga ya raɗa wa littafin. In na komo bayan shekara na tambayi inda aka kwana, sai a ce mini aiki ya yi yawa, ko ana jiran hutu, ko kuwa sai an yi ritaya tukuna. Ba na yi musu dariya, domin ni ma ina da irin wannan littafi a cikina, ya fi shekara goma yana jiran hutu. To, saboda su, da kuma kaina, na ga ya kamata in kawo labarin wani Baturen Ingila, akawu kamarmu, wanda ya daɗe cikin wannan hali kafin ya fita daga cikinsa. Sunansa Anthony Trollope.

An haife shi a Landan ran 24 ga Afrilu, 1815. Ubansa lauya ne mai ilmi, amma zafin rai ya kore masa masu kawo ƙara, ya koma noma a Harrow, noman ma bai karɓe shi ba, bashi ya yi masa katutu. Duk da haka ya nace sai 'ya'yansa sun shiga makarantun 'ya'yan manya, watau Harrow da Winchester. Wannan alheri kuwa shi ya zama wa yaron azaba. A Winchester aka daina biyan kuɗinsa, har sule gudan da a kan ba kowane ɗalibi a mako aka yanke masa, yara duka suka sani. Da aka komo da shi Harrow, daga wani ruɓaɓɓen gidan gona mai nisan mil 3 ya ke takowa a ƙasa cikin taɓo, ya zauna kusa da 'ya'yan masu sarauta da tufafinsa duk datti. Ba shi da aboki, ba mai yarda ya yi wasa da shi, malamai kuwa ba abin da ke tsakaninsu da shi sai bulala. Ya yi shekara 12 a makaranta, ya fita bai iya ko jadawalin sau ba.

Yaron da ba mai wasa da shi dole ya nemi abin yi, shi kuwa abin da ya samu shi ne saƙar zuci. In yana tafiya shi kaɗai sai ya ƙaga labari a ransa, shi ne jarumin ciki, ya yi ta jan labarin nan guda mako da makonni, wani lokaci har shekara, kullum ya ɗauko daga inda ya tsaya jiya. Yana da wata doka kuma da ya kafa wa kansa, ba ya sa abin da ba shi yiwuwa a ciki. Tun yana ɗan shekara 15 kuma ya fara rubuta abin da ya same shi kowace rana a wani littafi, ya yi shekara goma yana yi. Mu riƙe waɗannan abubuwa biyu, za mu komo kansu.

A cikin gidan nasu akwai marubuta biyu, kowane da irin tasa. Uban ya ɗauki wani gagarumin aiki, wai zai tattara kalmomin coci duka da ƙungiyoyin masu ibadarta ya bayyana su cikin kundi guda. Ya sha wahala a kansa ƙwarai, ba a ce ya yi lalaci ba, amma ya ɗauki kayan da ya fi ƙarfin wuyansa, ya rasu a 1835 bai gama ba. Uwar kuwa, Frances, ba ta taɓa wallafa kome ba sai da ta haura shekara 50. Ta tafi Amurka a 1827 don neman abin rufin asiri, ta buɗe wani babban kanti a Cincinnati, ya karye, ta komo hannu wofi. Sai ta zauna ta rubuta abin da ta gani na ɗabi'un mutanen Amurka, aka buga a 1832, littafin ya yi kasuwa. Daga ran nan alƙalaminta ya zama gonar gidan. A 1834 bashi ya kore su zuwa Bruges ta ƙasar Beljiyam, can ciwo ya kwantar da mijinta da 'ya'yanta biyu. Da rana tana jinya, da ƙarfe huɗu na asuba kuwa tana bisa tebur tana rubuta labarun da za su sa mutanen Landan dariya, domin in ta tsaya ba kuɗin magani. Ta ci gaba da haka har ta kai shekara 76. Ba ta taɓa zama tana jiran ranar da zuciya za ta yi daɗi ba, don ba ta da halin jira.

A watan Nuwamba na 1834 aka samo wa Anthony aikin akawu a babban gidan waya na Landan, albashi fam 90 a shekara. Yadda aka jarraba shi ma abin dariya ne. Aka ba shi jarida ya kwafi layi kaɗan, ya ɓata takardar da tawwada da kuskuren baƙaƙe, aka ce ya komo gobe a gwada shi lissafi. Da ya komo yana rawar jiki sai kawai aka nuna masa kujera, ba wanda ya sake ta da maganar. Shekara bakwai ya yi a ofishin nan, kuma ba na jin akwai shugaban ofis da zai so a ba shi irinsa. Kullum a makare ya ke zuwa, ga gardama da na gaba, ga bashi. Wani tela ya bi shi fam 12, takardar bashin ta faɗa hannun wani mai ba da rance da ruwa, wanda ya ƙara masa fam 4 a hannu. Kafin ya rabu da mutumin nan sai da ya biya fiye da fam 200, mutumin kuwa kullum sai ya zo ofis ya tsaya bayan kujerarsa a gaban abokan aiki.

To, a cikin shekarun nan bakwai ne abin da ya sa na ɗauko labarinsa ya ke. Tun da wuri ya auna kansa ya ga ba shi da kuɗin shiga Majalisa, ba shi da halin zama lauya ko soja, ya ga ƙofa guda ce ta rage masa ta yin suna, watau wallafa littattafan hikaya. Ya yanke shawara sarai. Ya san hanyar, ga uwarsa tana binta a gabansa. Takarda da tawwada kuwa a ofis ya ke wuni cikinsu. Amma wata ya bi wata, shekara ta bi shekara, bai rubuta ko layi ɗaya na hikaya ba. Shi da kansa ya ba da labari daga baya cewa kowace rana sai ya ji kunyar kansa saboda bai fara ba, kuma kunyar ba ta sa ya fara ba. Wanda duk ya taɓa ɗaukar irin wannan niyya ya san ciwon. Niyyar tana ba mutum ɗan daɗi, domin littafin da ba a rubuta ba ba shi da aibi ko ɗaya, ba mai kushe shi, ba mai cewa wane ya fi shi iyawa. Ran da aka sa alƙalami a takarda kuwa, ran nan a ke ganin iyakar mutum, shi ya sa mu ke ta ɗaga ranar.

A 1841 aka nemi akawun da zai tafi Ayalan ya riƙa taimakon mai duba gidajen waya na ƙauyuka. Ba mai so, shi kuwa ya miƙa hannu don ya tsere wa masu binsa bashi, shugabansa ya sake shi da murna, har ya aika da mummunar shaida a kansa zuwa Dublin. Babban da ya tarar can ya ce shi zai duba aikinsa ne ya yi hukunci. Aka ajiye shi a wani ƙaramin gari wai shi Banagher, bakin kogin Shannon. Albashin fam 100 ne, amma da kuɗin rangadi ya kan kai wajen 400. Nan mutumin ya sake kamar ba shi ba. Ya biya bashinsa, ya sayi doki, ya shiga farautar yanyawa da karnuka irin ta Turawa, wadda ya riƙe har tsufansa, ya kuma zama ma'aikacin da a ke yabo. Ya sadu da wata yarinya, Rose Heseltine, suka yi alkawarin aure.

A watan Satumba na 1843 aiki ya kai shi wani ƙauye, Drumsna. Suna yawo da wani abokinsa da maraice sai suka faɗa kan kangon wani babban gida, ciyawa ta cinye shi. Yana zagaya kangon yana tunanin irin mutanen da suka zauna ciki da abin da ya rushe su, sai labari ya haɗu a ransa. Irin wannan ya sha faruwa gare shi sau dubu tun yana yaro. Abin da ya bambanta wannan karo guda ne: ya koma masauki ya zauna ya rubuta babi na fari. Yana da shekara 28. Bai gaya wa kowa ba sai Rose, wadda ya aura a watan Yuni na 1844. A 1845 ya gama, ya kai wa uwarsa don ta nema masa mai bugawa, ya kuma ga a fuskokin 'yan'uwansa ba wanda ya zaci abin kirki zai fito daga gare shi.

Da labarin tatsuniya ne, da nan za a ce littafin ya fito duniya ta ɗauka. Ba haka aka yi ba. An buga shi a 1847, bai sami ko anini ba. Na biyu ya fito a 1848, aka buga 375, aka sayar da 140, mai bugawa ya rubuto masa cewa ya yi hasarar fam 63 da ɗoriya, ya kuma ba shi shawara a fakaice ya bar sana'ar. Na uku ya fito a 1850, shi ma ya nutse. Ya gwada wasan kwaikwayo, ya aika wa wani abokinsa masanin abin, abokin ya mayar masa da shi ya ce bai yi ba. A ganina nan ne a ke gane marubuci, ba a babi na fari ba. Mai sha'awar suna, in ya yi ɗaya bai samu ba, sai ya ce mutanen zamani ba su san abu mai kyau ba, ya rataye alƙalami. Shi kuwa Trollope tun kafin na fari ya fito ya riga ya shiga na biyu.

Daga 1851 aka ba shi aikin shirya hanyoyin raba wasiƙu a ƙauyukan kudu maso yammacin Ingila. Shekara biyu yana bisa doki, wajen mil 40 a rana, yana bin gida gida yana tambayar yadda wasiƙa ke isowa. Cikin wannan rangadi ne ya ba da shawara a kafa akwatunan jefa wasiƙa a bakin hanya, irin na Faransa, aka fara kafa su a tsibirin Jersey a 1852, daga nan suka bazu ko'ina a Ingila. Aikin ya hana shi rubutu, amma ya cika masa ido da mutane. Wata rana da maraice yana zagaya babbar cocin Salisbury sai labarin wani tsohon limamin coci mai tsoron cin haram ya zo masa. Shi ne littafin da ya kira The Warden, wanda ya fito a 1855. Ƙarshen shekarar aka aiko masa da fam 9 da sule 8 da kwabo 8. A lissafinsa wannan ne kuɗi na fari da alƙalaminsa ya ci da guminsa. Yana da shekara 40, shekara 12 ke nan da zamansa a Drumsna.

Daga nan sai ya shirya wa rubutu tsari irin na ofis, kuma wannan tsari shi ya fi kome shahara cikin labarinsa. Da ya ga rabin ransa a jirgin ƙasa ya ke ƙarewa, sai ya sa aka yi masa ɗan allo, ya riƙa ɗora shi a cinya yana rubutu da fensir a gaban fasinjoji, in ya komo gida matarsa ta kwafe da tawwada. Yawancin Barchester Towers, wanda ya fito a 1857, haka aka rubuta shi. Kowane littafi zai fara sai ya buɗe masa rajista, ya raba ta mako mako, kullum ya shigar da yawan shafin da ya yi, don in ya yi lalaci rajistar ta tsaya tana kallonsa. Shafinsa kalma 250 ne, ya kan ƙirga. A mako ya kan yi wajen shafi 40, in abin ya yi ƙasa 20, ya taɓa kaiwa 112. A 1858 aka aike shi Masar ya ƙulla yarjejeniya a kan wasiƙun da ke ratsa ƙasar zuwa Indiya. A teku jiri ya kama shi, sai ya tashi ya je ya yi amai ya komo kan takardarsa, bai fasa adadin ranar ba. A Masar ya gama wani littafi yau, gobe ya fara wani.

Sa'ad da ya komo Ingila da zama a 1859, yana da wani tsohon bara mutumin Ayalan mai kula da dawakinsa. Ya ƙara wa tsohon nan fam 5 a shekara don ya riƙa tashinsa da asuba ya kawo masa kofi, ya kuma hana shi jin tausayinsa. Tsohon bai taɓa makara ba ko sau ɗaya, har Trollope ya kan ce ba wanda ya kai shi hannu cikin nasarar da ya samu. Ƙarfe biyar da rabi yana bisa tebur. Rabin sa'a na fari ya karanta abin da ya rubuta jiya, yana auna shi da kunne. Sa'an nan ya ajiye agogo a gabansa, kowane minti 15 yana bin kansa bashin kalma 250. Kafin karin kumallo ya gama kalma 2,500, watau kusan tsawon wannan labari da ku ke karantawa, sa'an nan ya sa tufafi ya tafi aikin Gwamnati. A nan ina so akawuna su lura: bai saci lokacin ofis ba. Ya riƙe aikin gidan waya da gaske shekara 33, har ya yi ta sa-in-sa da Rowland Hill, mutumin da ya kawo kan sarki na kwabo a 1840, a kan yadda ya kamata a tafiyar da aikin. Sai a 1867 ya ajiye, bayan an tsallake shi an ba wani muƙamin da ya nema, ya bar fanshonsa a baya.

Suna da kuɗi sun zo a 1860, sa'ad da wata sabuwar mujalla ta Landan ta biya shi fam 1,000 don labari guda da za a riƙa bugawa wata wata. Mutanen Ingila suka san mutanen cikin littattafansa kamar maƙwabtansu. Wata rana yana zaune a kulob yana rubutu sai ya ji wasu limaman coci biyu suna ƙorafi wai sun gaji da wata matar bishop mai mulkin mijinta da ya ke ta maimaitawa cikin littattafansa. Ya tashi ya tsaya a gabansu ya ce shi ne mai ita, ya yi musu alkawari zai kashe ta kafin mako ya ƙare. Ya koma gida ya kashe ta, ya kuma yi ta kewarta har ƙarshen ransa. A 1868 ya tsaya zaɓen Majalisa a Beverley, wanda shi ne tsohon burinsa, ya zo na ƙarshe. Ya tafi Amurka, da Ostareliya inda ɗansa ke kiwon tumaki, da Afirka ta Kudu, kowace tafiya ya komo da littafi. In zai shiga jirgin ruwa sai ya sa kafinta ya kafa masa tebur a ɗakinsa.

Ya rasu a Landan ran 6 ga Disamba, 1882, bayan ciwon shanyewar jiki ya buge shi wata guda kafin nan, yana cikin dariyar wani littafi da a ke karanta musu bayan cin abinci. Ya bar hikaya 47, ban da littattafan tafiye-tafiye da gajerun labaru. A 1883 ɗansa ya buga tarihin da ya rubuta na kansa, a ciki kuwa bai ɓoye kome ba, da agogon, da rajistar, da tsohon bara, har da jerin kuɗin da kowane littafi ya kawo, jimla kusan fam 70,000. Ya kwatanta marubuci da mai ɗinkin takalma, wanda ba ya zama jiran wani ilhami kafin ya ɗauki basilla, kuma in ya gama takalmi ba ya naɗe hannu yana sha'awarsa. Masu sharhin littattafai na zamanin suka ji haushi ƙwarai, suka ce ashe ɗan kasuwa ne, darajarsa ta faɗi shekaru da dama. Sai a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu mutanen Ingila suka komo kansa da yawa, har yau kuwa ana buga littattafansa ana karantawa.

Masu sukan suna da 'yar gaskiyarsu. Cikin 47 ɗin nan akwai waɗanda da bai rubuta ba da ba a yi hasara ba, shi ma ya yarda ya cika kasuwa da kayansa. Amma sun karanta zancen agogo sun tsallake abin da ke kusa da shi. Ya faɗa a fili cewa tsarinsa ba ya mai da mutum gwani, kuma sa'a ukun nan na asuba ba su ne aikin duka ba. Kalma 250 ba ta zuwa cikin minti 15 sai ga wanda ya wuni da mutanen labarinsa a zuci, ya kwana da su, ya san muryar kowane da abin da zai ce in an taɓa shi. Wannan kuwa ita ce saƙar zucin nan ta yaron da ke tafiya cikin taɓo zuwa Harrow, littafin da ya yi shekara goma yana cikawa kullum kuma shi ya saba wa hannunsa da alƙalami. Ashe kayan aikin suna nan tun yana akawu a Landan yana jin kunyar kansa, abin da babu a lokacin shi ne kujera da sa'a da adadi.

A shekarunsa na ƙarshe hannunsa ya fara ƙagewa, sai ya riƙa faɗa wata 'yar 'yar'uwar matarsa, Florence, tana rubutawa, ba a fasa zaman asuba ba. Ya riga masu bugawa nisa, har ya kan gama littafi ya kulle a aljihun tebur ya jira layi ya zo kansa. Saboda haka bayan an binne shi a maƙabartar Kensal Green sababbin littattafansa suka ci gaba da fitowa har 1884. Guda ɗaya ne mutuwa ta tarar bai gama ba, labari ne a kan Ayalan, ƙasar da ya rubuta babinsa na fari.